Tafiyar da Na Hana Baba

Shekarar da aka gano Baba na da ciwon suga, likita a asibitin Shika ya rubuta masa magani, ya kuma ce kowace safiya ya taka da ƙafa har ya yi gumi. Wai akwai wani kumburi da ciwon ke tayarwa can cikin jiki, ido ba ya ganinsa, motsa jiki ne ke rage shi. Baba tsohon malamin makaranta ne, ba ya wasa da umarni. Ya sayi farin takalmin kambas. Kullum ya fito daga gidanmu na Samaru, ya miƙe titi har ya wuce kasuwa, ya juyo.

To, rabin Samaru ɗalibansa ne. Ba ya nisa sai mota ta tsaya, a ce Malam ya shigo a sauke shi. Ya yi ta bayani yana dariya.

Ni ina Sabon Gari da shagon atamfa. Wata rana wata 'yar cocinmu ta zo sayayya, ta ce ta ga Baba a bakin titi sharkaf da gumi, kamar wanda bai haifa ba. Kai, raina ya ɓaci! Na rufe shago, na hau keke-napep sai Samaru. Ni dama bakina ba shi da linzami. Na ce ya ba mu kunya, ana zaginmu a gari. Ya ce ai likita ne ya sa shi.

"Baba, likita za a zaga ko ni?"

Na samo mai keke a layinmu, na ce ko coci Baba za shi ko kasuwa, a ɗauke shi. Kambas ɗin kuwa na cilla shi saman sif. Na koma gida ina ganin na yi abin kirki.

Shekara biyu yana zaune a ƙofar gida da rediyonsa. Jiki ya yi nauyi, ƙafafu suka kumbura, ɗan ciwo a yatsa ya ƙi warkewa. Ko tafiyar za ta cece shi, ban sani ba. Rashin sanin nan shi ke cina har yau.

Ranar da aka kwantar da shi, likita ya duba ƙafar, ya tambaya ko yana yin tafiyar nan da aka ce. Ina tsaye riƙe da kular abinci. Baba ko kallona bai yi ba.

"Kasala ce ta kama ni, likita. Yaran nan sun yi ta fama da ni."

Aka yanke ƙafar. Bai cika wata biyu ba ya rasu. Da muke kwashe kayansa na sauko da kambas ɗin, na juya shi. Ƙasansa ko cinyewa bai fara ba.