Kwana Goman da Ba a Auna Ba

Mijin ƙanwata ba mutum ne mai daɗin zama ba. Shekara ashirin da shida muna aiki a asibiti ɗaya, ni ina shara, shi yana kula da ɗakin magani, bai taɓa amsa gaisuwata da baki ba sai da ka. Ma'aikata na kiransa Tsami.

Aikinsa na safe shi ne ya buɗe firjin alluran rigakafi, ya duba ma'aunin zafi, ya rubuta lamba a takardar jikin ƙofa. A ƙarshen wata a haɗa, a raba da yawan kwanaki. In ya haura takwas, magani ya lalace.

Saura wata biyar ya yi ritaya, ciwon ƙafa ya kwantar da shi kwana goma. Babu wanda ya duba firjin. Da ya dawo sai ya ja layi a kowane gurbi. Sauran kwana ashirin ɗin kuwa, lambobinsu sun haɗa ɗari biyu cif.

Ina goge tagar ɗakin magani sai shugaban asibitin ya shigo wurin Tsami, don masu bincike na tafe.

"Baba, cike guraben nan da sifili. Ɗari biyu a raba talatin, bai kai bakwai ba. Shi ke nan."

"Sifili lamba ce," in ji Tsami. "Wa ya gan ta? Kai?"

"To me za a yi da kwana goman?"

"A tsallake su. A raba ashirin. Goma ke nan. Firjinka tukunya ce."

"Tsoho, kana son ka ga ritayarka kuwa?"

"Wannan lissafin kai ya dama. Ni biro ɗina ba ya rubuta abin da idona bai gani ba." Ya juyo kaina. "Kai kuma, mai tsintsiya, kunne ka zo sharewa?"

Na ci gaba da gugata.

Masu bincike suka zo, suka raba da ashirin, suka kwashe alluran, aka kawo sabon firji. Kafin sati ya zagayo, shugaban ya ba Tsami takardar sallama, wai ya bar wurin aiki kwana goma babu izini.

Yanzu yana zaune a ƙofar gida, yana zagin masu wucewa. Jiya na gaishe shi, na ce jikata ta karɓi allurarta lafiya.

Ya ce, "To, ni na tambaye ka?"