Mako Biyu Kawu Yana Magana a Madadina

Aikin farko yau: ruwan ɗumi, sai gwajin murya. Na ce "a'a" a gaban madubi. Ta fita.

Kun daɗe ba ku ji ni a nan ba. Yaran ajina a Boɗinga ma haka.

Bara muryata ta dishe. Na ɗauka ƙurar alli ce. Na sha zuma, na sha citta, har ta kai in na kira suna a aji babu mai waiwayowa.

A asibiti a Sakkwato aka zura mini 'yar kyamara ta hanci. Likita ya ce wasu tsiro ne a maƙogwaro, ƙwayar bairas ke kawo su. Tsoron ciwon daji ya hana ni cin tuwo, har gwaji ya nuna ba shi ba ne.

Ragon layyata ya tafi a kuɗin tiyata.

"Mako biyu, ko raɗa kar ka yi," in ji likita. "In wurin ya yi tabo, kai da aji kun rabu."

Likita bai san 'yan dubiya ba. Dattijo ya taso tun daga Kajiji ya gaishe ka, ka yi masa shiru? Sai na sa Kawu Ummaru ya zauna gefena yana amsa gaisuwa. Na manta shi ke riƙe lasifikar jam'iyya a garin Shagari zamanin Jamhuriya ta Biyu, yana yi wa gari alkawarin shinkafa lokacin da sabulu ma ya gagara.

"Malam, ya jiki?"

"Ya ce da sauƙi. Ya ce mi kaka so?"

Ban ce ba.

Ya ba da aron injin ban-ruwana na Danchadi. Ya raba irin albasata. Ina girgiza kai, yana cewa, "Kun gani? Kunya garai, bai son godiya."

Da ya kai kan babur ɗina, "a'a" ta zo har bakina. Na tuna ajina, na haɗiye ta. Babur ya tafi Horo Birni.

Alhamdulillahi, wurin ya warke. Likita ya ce tsiron yakan dawo, in riƙa zuwa ana dubawa. Na gode wa ma'aikatan asibiti, da matata, da ku. Da Kawu ma, ina jin.

In muryarka ta dishe ta ƙi dawowa, bar zuma, tafi a leƙa maƙogwaronka. Kuma ka zaɓi wakili marar magana.

Gobe:
- karɓo inji a Danchadi
- binciken wanda babur ke hannunsa
- gwada "a'a" a gaban Kawu. Ban tabbata za ta fita ba.