Farin Yadin Hajiya Zulai

Kafin in zama ɓarawo, ni kuku ne. A wani ƙauye kusa da Funtuwa aka haife ni, kuma ban taɓa zama a aji ba. Ko allo ban yi nisa ba, don mahaifina ya fi bukatata a gona. Girki na koya a gidan wani ma'aikacin gwamnati a Kaduna, shi ne kuma ya taho da ni Washington lokacin da aka turo shi aiki. Da wa'adinsa ya cika ya koma gida, ni kuwa na zame na zauna. Yau shekaruna arba'in da bakwai. Wannan takarda da hannuna nake rubuta ta, layi biyar ko shida kowace safiya kafin in fita. Ku samari da kuke sauka ƙasar nan da 'yan jakunkunanku, don ku nake rubutawa. Ku yi haƙuri da rubutun, hannun sabo ne.

Abin da na fara sata ba kuɗi ba ne, girma ne. A wani shagon gwanjo a Landover, nan gefen Washington, na sayi gidan tabarau, babu tabarau a ciki. Duk wanda ya miƙo mini takarda, sai in laluba aljihu, in buɗe shi, in yi tsaki in ce na baro tabarauna a gida, a taimaka a karanta mini. Nan kowa ɗan boko ne, likita da injiniya da nas da ɗalibi. Ban so a ce ga jahili guda a cikinsu. Har aka fara kirana Malam, ni kuma ina amsawa.

Daga nan na gano wani abu game da hannuna. Idona bai iya karanta rubutu ba, amma hannuna ya iya zana shi. A wurina sa hannun mutum zane ne kawai, kamar zanen ƙwarya. A gidan abincin da nake wanke kwanoni na fara kwaikwayon sa hannun wani abokin aiki na karɓi saƙonsa. Ba a gane ba. Wata biyu bayan haka na yi da cakin albashinsa. Aka kori wani ɗan Ghana a kan laifin, ni har da raka shi tashar bas ina ba shi haƙuri.

A wajen wani suna na haɗu da Alhaji Mamuda da matarsa Hajiya Zulai. Ni na yi girkin ranar. Hajiya ta ɗanɗana miyar kukar, ta ce sai an nuna mata wanda ya kaɗa ta. Alhaji injiniya ne, suna da gida a Fort Washington kusa da kogi, Allah bai ba su haihuwa ba. Na riƙa zuwa duk Asabar ina yi musu tuwo. Hajiya 'yar Nguru ce, doguwa mai yawan tsokana. Ba ta taɓa kirana kuku ba, ƙanena take cewa. Kullum maganarta guda ce, wai yaushe zan yi aure, tuwo irin wannan bai kamata ya ƙare a gidan wasu ba.

A tsakiyar shekarun tamanin ne Alhaji ya ajiye aiki ya sayo wata tsohuwar mota mai ɗaki. Akwai gado a ciki da murhu da banɗaki. Hajiya ta sa mata suna Kunkuru, tunda gidanta a bayanta yake kuma ba ta sauri. Suka ce za su yi yamma, Arizona da Nevada, wata shida ko fi. Hajiya ta ce ta gaji da itatuwa da ruwan sama, so take ta ga wurin da ido yake tafiya bai ci karo da komai ba, irin na garinsu. Mutane suka yi ta yi wa Alhaji tsiya, me alhaji guda zai je yi Las Vegas, garin caca. Shi kuwa yana dariya, yana cewa can ne wurin ajiye mota yake da araha, kuma cacar da zai yi guda ce, ko injin Kunkuru zai kai ko ba zai kai ba.

Na lura Hajiya ta rame. Na lura tuwon da nake zuba mata yana dawowa rabi. Ban tambaya ba, hankalina yana kan gidan da za a bar mini.

Ranar tafiya ita ta miƙo mini makulli. Ta ce, "Ƙanena, duk garin da muka tsaya zan aiko maka da kati. Ka karanta fa, kada ka tsaya kallon hoto."

Na ce, "Hajiya, sai dai in tabarau ya hana."

Ta yi dariya ta hau. Ina tsaye har Kunkuru ta sha kwana.

Katunan suka fara zuwa, kuma hoton kawai nake kallo. Da farko duwatsu masu ciyawa. Sai fili fetal da shanu. Sai jajayen duwatsu, da wata itaciya mai ƙaya da ta ɗaga hannu biyu sama kamar wanda 'yan sanda suka tare. Hotunan nan su ne ma'aunina. Duk lokacin da na ga kore ya ragu, na san sun ƙara nisa, ni ma sai in ƙara taku ɗaya. Na fara da sa babbar rigar Alhaji zuwa Juma'a. Sai ambulan masu 'yar taga, waɗanda na san caki ke zuwa a cikinsu. Sa hannun Alhaji bai ɗauke ni kwana biyu ba. Sai na je College Park, inda jami'a take, na samo ɗalibai huɗu 'yan gida masu neman ɗaki, na ce musu gidana ne, akwai wuri a ɗakin ƙasa. Alhaji yakan bugo waya duk Lahadi. Da ɗaliban suka tare, na zare wayar daga bango na ce ta lalace.

Ɗakin ƙasa falo ɗaya ne babba, ɗaliban kuma suka ce kowa yana son sirrinsa. Ina neman abin da zan raba shi da shi, na buɗe kabad ɗin Hajiya, na ga wani koren akwati. A ciki akwai 'yan kunne na zinari a ƙulle cikin hankici. Su na sayar a ranar. A ƙarƙashinsu akwai farin yadi mai yawa, a ninke tsaf, yana ƙanshin turare.

Ba zan ce ban gane ba. Duk wanda aka haifa a ƙasarmu ya san farin yadin da hajiya take ajiyewa a ƙasan akwati. Na san na Makka ne, na san da zamzam aka wanke shi, na san ranar da ake ajiye shi dominta. Na riƙe shi na ɗan jima. Sai na ce wa kaina Hajiya lafiyarta ƙalau, tana can tana yawon duniya, kafin ta dawo na sayo wani na mayar. Na ɗauko almakashi na raba shi uku, na ɗaura waya daga bango zuwa bango, na rataya. Ɗaliban suka yaba, wai labulen yana ƙanshi.

Bayan kamar wata guda katunan suka koma na fitilu, manyan gidajen caca masu walƙiya, gari ɗaya ba ya canzawa. Sai wani ya zo a cikin ambulan, abin da ba a taɓa yi ba. Hoton tudun rairayi ne, bayan kuwa cike da rubutu ƙanana har gefe. Na juya shi, na sake juyawa. Kowane ɗaya daga cikin ɗaliban nan zai karanta mini shi kafin shayi ya huce. Amma in na ba su, za su san gidan ba nawa ba ne, kuma za su san Malam bai iya karatu ba. Wallahi na biyun ya fi tsorata ni. Na jefa katin a durowar kicin tare da sauran.

Akwai maƙwabciyarmu, Sista Rifkatu, nas ce 'yar Pankshin, ƙawar Hajiya. Wata rana da hantsi ta ƙwanƙwasa ƙofa da kayan aiki a jikinta. Ta ce Hajiya ta bugo mata daga Las Vegas, muryarta ba daɗi, kuma abu ɗaya kawai ta ce a tambaye ni, ko ƙanenta ya ga saƙonta.

Na ce, "Na gani. Ki ce mata na riga na aika."

Ban san me na ce na aika ba. So nake kawai ta bar bakin ƙofa kafin ta hango takalman ɗalibai.

Alhaji ya dawo wata ranar Talata da la'asar, shi kaɗai a cikin Kunkuru. Ya shiga kicin ɗinsa ya tarar da baƙo yana soya ƙwai, baƙon ya tambaye shi wa yake nema. Ina saukowa daga bene da rigarsa a jikina muka haɗa ido. Ya wuce ɗakin ƙasa, na bi shi. Ya tsaya gaban labulen. Ɗaya ya sha manja a gefe, ɗaya an shanya safa a kansa. Ya sa hannu ya sauke su ɗaya bayan ɗaya, ya ninke a hankali, ya rungume a ƙirji ya hau sama. A bakin Sista Rifkatu na ji cewa Hajiya ta rasu kwana tara da suka wuce, ciwon daji ne, tun kafin su tafi suka sani. A can aka binne ta, a cikin yadin da wasu musulmin garin suka sayo a kanti. Washegari 'yan sanda suka zo a kan maganar caki.

Sau ɗaya Alhaji ya zo ganina kafin shari'a. Akwai gilashi a tsakaninmu. Ya ciro katin nan mai tudun rairayi, a durowa ya same shi, ya manna bayansa a jikin gilashin.

Ya ce, "Abu ɗaya na zo tambaya. Ka karanta wannan?"

Ku duba nan da kyau, samari. An kama ni, an tuɓe mini rigar aro, ba abin da ya rage mini. Gaskiya kalma huɗu ce, ban iya karatu ba. Ba za ta wanke ni ba, amma da ta rage wa mutumin nan wani abu. Na kalli rubutun, na kalli Alhaji, na ce, "Na karanta."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, shi ke nan." Ya tashi.

Aka yanke mini shekara huɗu, na yi uku da 'yan watanni. A watan farko wasiƙa ta zo mini gidan yari. Katin ne, shi kaɗai, ba ko layi ɗaya daga Alhaji. Akwai wata tsohuwar Baturiya da take zuwa duk Laraba tana koyar da manya karatu. Na yi wata biyu ina wuce ƙofar ajin. Ranar da na shiga ta miƙo mini littafi, hannuna ya tafi aljihu da kansa yana neman gidan tabarau. Na dawo da shi na ce mata ban iya ba. Ba ta ko ɗaga gira ba, ta ce don haka aka buɗe ajin. Abin da na yi shekara da shekaru ina gudu ke nan.

Turanci take koyarwa, amma baƙaƙen ɗaya ne da na Hausa. Na riƙa gwada su a kan katin, harafi bayan harafi, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Kalmar farko da ta buɗe mini ita ce ƙanena. Sai da na shekara da wata biyu kafin na haɗa shi duka. Ga abin da ya ce, na haddace shi:

"Ƙanena, ina gaisuwa. Mun ga rairayi irin na gidanmu, na cire takalmi na taka. Yanzu muna asibiti a garin caca. Alhaji yana cewa zan tashi, ni na san ba haka ba ne. Kada ka gaya masa na rubuto, ba ya son maganar. A kabad ɗina akwai koren akwati, a ciki akwai farin yadina na Makka. Ka aiko mini da shi a adireshin da ke ƙasa, ka yi sauri. 'Yan kunnen da ke ciki ka riƙe, na matar da za ka aura ne. Kai kaɗai zan iya roƙa wannan."

Ashe 'yan kunnen da na sata nawa ne. Ashe abin da na ce na aika ke nan, ita kuma tana kwance tana tambayar nas ko saƙo ya iso.

Da aka sake ni na hau bas zuwa Fort Washington. Wasu Turawa ne a gidan, sun canza fenti. Sista Rifkatu ta ba ni ruwa a bakin ƙofa, ba ta ce in shigo ba. Ta ce Alhaji ya sayar da gidan da Kunkuru ya koma Najeriya, kuma ba za ta ba ni adireshinsa ba. Na roƙe ta ta aika masa wasiƙa, ta karɓa. Ita ce wasiƙa ta farko da na taɓa rubutawa, a ciki na gaya masa gaskiyar da na hana shi ta gilashi. Yau wata goma sha ɗaya, ba amsa. Ban ga laifinsa ba. Ban ma sani ba ko ya yarda, don me zai sa ya yarda da ni.

Yanzu ina wanke kwanoni a Landover, maganar takarduna tana hannun lauya, ko a bar ni ko a mayar da ni. Na tuba, ina salla, ina yi wa Hajiya addu'a bayan kowace. Amma ba zan yi muku ƙarya in ce na samu sauƙi ba. Alƙali a kan caki ya ɗaure ni, kuma wannan na gama biya. Na yadin babu kotun da ta tambaye ni a nan duniya.

Saboda haka ku ji ni. In an ba ku makullin gida, ku tsaya inda aka ce ku tsaya. Rigar da ba taku ba kada ku gwada ta ko a gaban madubi, daga nan nawa ya fara. Abin da kuma ba ku iya ba, ku buɗe baki ku ce ba ku iya ba, tun ranar farko, ko gaban wa. Kunyar ta minti ɗaya ce, na auna ta da kaina a gaban tsohuwar nan.

Idona ya fara rauni, likita ya rubuta mini tabarau na gaske. A aljihun riga nake sa shi haka nan. Tsohon gidan tabarau yana nan, amma ba fanko ba ne yanzu. Katin Hajiya ne a ciki, a ninke biyu. Duk safiya kafin in fara rubutu sai na buɗe na karanta, kuma har yau wuri ɗaya nake tsayawa, inda ta ce ka yi sauri.