Shekaru huɗun da aka so a ƙara wa 'yar Malam Habu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Habu, wanda mutanen unguwar Misfala a Makka suka fi sani da Malamin Lissafi. Allah Ya jiƙansa. Duk shekara nakan tuna shi ni kaɗai, in yi masa addu'a in ci gaba da harkata. Bana na kasa yin shiru, saboda 'yarsa Hindatu, wadda nake riƙo tun tana 'yar shekara biyar, lokacin da ya rasu aka kuma mayar da mahaifiyarta gida a wani kamen marasa takarda.

Yaya ya zo hajji daga Katsina ya zauna, kamar da yawanmu. A ɗaki ɗaya yake karantar da 'ya'yan marasa iƙama, wato takardar izinin zama, waɗanda makarantar gwamnati ba ta karɓa. Yaran nan ba su da takardar haihuwa, don haka shekarunsu suna bakin iyayensu. A ƙara idan ana so yaro ya samu aikin tura keken alhazai, a rage idan ana tsoron kame. Shi kuwa ba a yi masa wannan, don da hajji yake ƙirga haihuwar kowa. Sai ya ce wannan na shekarar da ruwa ya doke mu a Muzdalifa ne, wancan kuwa bayansa da hajji biyu. Uwa ta rantse ta maya, ya yi murmushi ya zaunar da yaron cikin tsaransa. Mutum ne mai taurin kai, ni na fi kowa shan wuyarsa.

Idan ya ga yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa yakan ba shi lissafi mai wuya har yaron ya yi gumi, amma ba ya raba shi da sa'o'insa. Yana yawan cewa kai kan riga shekaru, zuciya ba ta riga su.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Hindatu yanzu shekararta goma sha biyu, ta cinye littattafan da mahaifinta ya bari, ta koyi Turanci a waya. Daga baya wani mai kantin magani ya gaya mata yawancin sunayen da likitoci ke amfani da su daga harshen Latin suke, ta ɗora mini rigima sai ta koya, tunda likita take son zama. Na ce ke da Hausarki ma Larabci ya cinye rabinta, sai ki koma wa harshen da masu shi suka daɗe a kabari? Ba ta ko yi dariya ba.

Ɗan baffanmu Bashir, haifaffen Makka mai shago a unguwar Zahir, shi ya ɗauki nauyi, Allah Ya saka masa. Ya samo wata makaranta ta intanet mai koyar da lissafi mai zurfi da Latin, aji-aji gwargwadon shekaru. Ajin da ya hango mata na 'yan sha shida ne, wanda shaidarsa ke buɗe ƙofar jami'a da wuri.

“Ya'ni wa zai bincika?” in ji shi. “Ba iƙama, ba takarda. Ki ce sha shida, halas, shi ke nan. Yarinyar nan ba ta da lokacin ɓatawa, ya uhti.”

Ban ga laifinsa ba. Wanda ba shi da takarda bai san inda gobe za ta same shi ba, kuma na ji zuciyata ta karkata. Sai na tambayi kaina me Yaya zai yi, shi da bai taɓa ganin aji a cikin waya ba. Na san zai fara yi wa abin tsiya, sannan ya zauna ya saurara da kunnensa. Haka na yi, na zauna kusa da ita a darasin gwaji na ajin 'yan sha shidan. A lissafi ta bi su, ko da yake da kyar. A Latin kuwa waƙoƙin soyayya da yaƙe-yaƙen mutanen Rum ake fassarawa, samari da 'yanmata suna ta barkwancinsu, ita tana kallon ƙasa kamar wadda aka kai gidan da ba ta san kowa ba. Tausayinta ya kama ni, amma na kasa yanke hukunci.

Washegari da la'asar na gaya mata abin da Kawu Bashir ya ce, ina zaton za ta yi murna. Sai ta ce:

“Gwaggo, in na ce shekarata sha shida, ke nan ina da tara ya rasu. Da haka ne ai da na riƙe muryarsa. Ni ko ita ban tuna ba.”

Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'iza.

Mun faɗa wa makarantar gaskiya. Suka gwada ta, suka ba ta lissafin da ya ɗara na tsaranta kaɗan, Latin kuma daga farko, tare da yara irinta masu karanta labarin manomi da dokinsa. Bashir ya yi fushi na kwana biyu ya huce. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma wallahi ban san ko za a bar mu a garin nan har ta kai ba.

Yaya bai bar gida ba, bai bar takarda ba. Ɗakin da ya karantar a ciki ma an rushe shi, masauki ne yanzu. Abin da ya rage nasa yarinya ce mai son lissafi, wadda ta samu shekara biyar kacal tare da mahaifinta, ta kuma ƙi yarda a ce ta samu fiye da haka.