Ƙarfen da Na Ciro Daga Motar Mamaci

Ni ne na yi laifi, kuma tun ranar da na yi shi na san laifi ne. Na tsufa yanzu, hannuna ba ya iya riƙe sifana, na manta abubuwa da dama na aikin gareji, amma wannan abu guda ba zai fita daga raina ba har a sa ni cikin rami.

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, ina da gareji a Tambuwal, bakin hanyar Sakkwato. Akwai wani Alhaji ɗan kwangila da ke gina azuzuwa a ƙasar Kebbe. Ya sayo mota daga waje, wadda ba mu taɓa ganin irinta ba. Injinta na da wata fanka da ke cusa masa iska da ƙarfi, shi ya sa take gudu kamar an koro ta. Kafin iskar ta shiga, sai ta bi ta cikin wani akwatin ƙarfe mai ɗan marfi a ciki. Shi ke auna yawan iskar, sannan a ba inji fetur daidai da ita. Mitar iska muke ce masa.

Direban motar dattijo ne ɗan Jabo, ya daɗe yana jan manyan motoci. Injiniya yake ce mini cikin tsokana, ni kuwa in ce masa Baba.

Da damina ruwa ya shiga mitar ta mutu. Aka aika Legas neman wata, shiru. Alhaji kullum yana tsaye a kaina, yana cewa in na kasa ya kai ta Sakkwato. Ni kuwa ba na son a ce ɗan Tambuwal ya kasa. Girman kai ne kawai, ba wani abu ba.

A bayan gari akwai wata mota da aka yar, ƙirar kamfani ɗaya, amma ƙaramar ƙanwarta ce. Ta wani matashin ma'aikaci ce da ya bugi kuka a kwarin da ke hanyar Kebbe, ya rasu nan take. Ubangidan da ya koya mini aiki ya sha gaya mana kada mu taɓa motar da jini ya zuba a cikinta sai da izinin magada. Na je da tsakar rana, lokacin da kowa ya shige inuwa. Hular mamacin na nan kan kujera, rana ta cinye launinta. Na kwance mitar, na ɗago ta, sai marfin cikinta ya motsa, ƙwas, ya koma. Na ce wa kaina sifirin da ke mayar da marfin ne. Amma da sauri na bar wurin.

Bakinta ya fi na asali ƙanƙanta. Na gani da idona, na san ba za ta iya auna iskar babban inji ba. Na yanko tiyo na cike gibin, na ɗaure, na ce wa Alhaji na gyara tsohuwar.

Cikin gari motar lafiya lau. Amma duk ranar da suka kama hanyar Kebbe, suka sauka kwarin nan, suka fara hawa, sai ta mutu. Ba gaba ba, ba baya ba, daidai gindin kukar. In an jira kaɗan sai ta tashi kamar ba ita ba.

Baba ya same ni a gareji ya ce, "Injiniya, mi kas sa ma yarinyag ga? Tun da kat taɓa ta numfashinta ya sake."

Na ce, "Ƙafarka ce ta tsufa, Baba."

Ya yi dariya ya ce to in zo in ga tsohuwar ƙafa da idona.

Muka tafi mu biyu bayan azahar. Muka sauka cikin yashi, ya taka totur don mu haye, injin ya yi tari sau ɗaya ya ɗauke. Ban taɓa jin shiru irin na wurin nan ba. Gero ya rufe mu dama da hagu, ba tsuntsu, ba ko ganye mai motsi. Ga kukar a gefen tagata, da tabon da ƙarfe ya yi mata, gutsattsarin gilashi na ƙyalli a ƙasa. Sai na ji daga cikin injin, a hankali, ƙwas. Aka ɗan jima, ƙwas.

Na san dalili. Wannan hawan ne kaɗai wurin da dole a taka mota har ƙasa, inji ya nemi iskar da ƙaramar mita ba ta iya aunawa. Da kaina na sani. Amma ban sauka na buɗe injin ba.

Baba ya riƙe sitiyari yana kallon kukar. Ya ce, "Ka san ni naf fara isowa nan ranar? Ni nac ciro yaron. Da sauran ɗumi a jikinai."

A nan ya kamata in buɗe baki. Sai na jira motar ta tashi, muka juyo gida.

Da Alhaji ya tambaye ni, a gaban mutanen da ke zaune a gareji, na ce, "Ranka shi daɗe, mota ba ta da komi. Sai dai a duba wanda ke jan ta." Iyakar abin da na faɗa ke nan, gari ya ƙarasa sauran. Aka tuna shi ya ɗauki gawar. Aka ce mamacin ne ke tare shi a hanya. Alhaji ya sallame shi.

A makon ne kuma mitar gaskiya ta iso daga Legas. Na ɗaura ta ba wanda ya sani. Sabon direba ya haye kwarin kamar walƙiya, kowa ya ce ai ga shi, an raba mota da mai inuwar mamaci ta warke. Daga nan ba wanda ya sake ba Baba mota. Na ga ranar da wani ya tausaya ya ba shi bas ta haya, fasinja suka leƙa suka ga fuskarsa, suka sauko ɗaya bayan ɗaya da kayansu. Ya koma Jabo ya kama fartanya.

Mitar mamacin kuwa na kasa mayarwa, na kasa yarwa. Na tura ta ƙarƙashin tarkace a gareji. In rana ta take, aiki ya tsaya, sai in riƙa jin ta. Ban taɓa tambayar kowa ko shi ma yana ji ba. Abin da na koya shi ne, ƙarfen da bai dace ba ana cire shi a sa wani, amma maganar da ka ɗaura wa mutum, ko kai da ka ɗaura ba ka iya kwance ta.

Sai da furfura ta cika mini kai na hau babur na tafi Jabo, mitar na cikin buhu. Na tarar da shi a zaure, idanunsa sun tafi. Da jin sallamata ya ce, "Injiniya?"

Na sa masa ƙarfen a hannu, na faɗa masa komai. Ya daɗe yana shafa shi. Ya tura marfin da yatsa, ya saki, ƙwas.

Ya ce, "Ni ma na yarda da su, ka sani. Na ɗauka wajen ciro shi na ji mai ciwo. Tun sannan ban yi salla ba face na roƙi yaron nan gafara."

Na sauka daga tabarmar na durƙusa a ƙasa. Na ce, "Baba, ba shi ya bi ka ba, ni ne. Ni na yi sata, ni na yi ƙarya, na raba ka da sana'arka da mutuncinka don kada a ce na kasa. Ranar Juma'a zan tsaya a ƙofar masallacin Tambuwal in faɗa da bakina, ko ka yafe ko ba ka yafe ba. Amma don girman Allah, Baba, ka yafe mini."