Takardar Haihuwar Zaharaddin

Duk wanda ya san layukan bayan Meri, ofishin magajin garin Adjamé a Abidjan, a shekarun nan ya san Mushe Fatihu, wato Malam Fatihu a bakin masu Faransanci, ko da magana ba ta taɓa haɗa su ba. Dogo ne siriri, kullum da jakar fata a hammata, yana tafiya kamar an aiko masa gidansu ya kama da wuta. Ba ya iya jiran gbaka ta cika da fasinja. Sai ya sauka ya kama hanya da ƙafa, can gaba motar ta zo ta wuce shi mutanen ciki suna yi masa dariya. Ko shayi a tsaye yake sha. Ingilishi yake koyarwa a wani ɗaki da ke saman shagon masu tayoyi, inda 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da Legas suke taruwa bayan la'asar su koyi yadda ake tambayar farashi. Da safe kuwa yana Treichville, kusa da tashar jiragen ruwa, yana fassara wa masu fiton kaya takardun da suka zo da Ingilishi. Aikin yana ciyar da shi, amma bai taɓa kwantar masa da hankali ba.

A Treichville ɗin aka haife shi, a shekarar 1971, cikin gidan haya mai ɗakuna goma sha biyu da famfo ɗaya. Mahaifinsa, Alhaji Maiwada, dillalin shanu ne mutumin Katsina, wanda ya zo Abidjan da niyyar yin shekara biyu, ya yi arba'in, aka binne shi a nan. Da Fatihu ya gama firamare uban ya lura yaron ko faɗa zai yi da Faransanci yake yi, sai ya tura shi Katsina wurin ƙaninsa. Can ya yi sakandare da kwalejin horon malamai, ya dawo a 1996 da Ingilishi a baki da fasfon Najeriya a aljihu. A Katsina ɗan Abidjan ake ce masa. A Abidjan kuwa duk shingen 'yan sandan da ya zo wucewa sai an tuna masa cewa baƙo ne. Mutumin da ya tashi haka, ba abin mamaki ba ne idan kujera ta riƙa yi masa zafi.

Bayan rikicin 2002 ɗalibansa suka ragu, shingaye suka ƙaru, shi kuma ya koma ɗan gida a wani shagon intanet na Adjamé. Babu makarantar ƙasar waje da ya ga adireshinta bai aika mata takardar neman aiki ba. Shekara huɗu yana aikawa ana yi masa shiru, har abokansa suka fara gaishe shi da tambayar yaushe jirgi zai tashi. A watan Yunin 2006 wata makaranta a wata ƙasa can gabashin Asiya ta amsa. Suna son malamin Ingilishi na shekara biyu, da ɗaki da albashi, amma da sharaɗin ya iso kafin farkon Satumba, in ba haka ba su ba wani. Abin da ya rage masa shi ne bizar aiki daga ƙaramin ofishin jakadancin ƙasar.

Ya haɗa dosiye, wato tarin takardun da aka lissafa masa, cikin kwana tara. Hoto, shaidar likita, difloma, wasiƙar makarantar, fasfo, katin zaman baƙi, da kaziye, takardar da kotu ke bayarwa ta nuna mutum bai taɓa laifi ba. Ranar da ofishin ya sa masa ya je tun ba a buɗe ƙofa ba, ya yi awa uku a layi yana sauya ƙafa. Matar da ke bayan gilashi 'yar Abidjan ce, mai tabarau, irin waɗanda ba sa gaggawa ko da ana kiran tashin duniya. Ta buɗe fasfon ta ajiye a damanta, ta ɗauki katin zama da kaziye ta ajiye a hagunta, ta daɗe tana dubawa.

"Mushe, wane ne Zaharaddin Maiwada?"

"Ni ne, Madam."

"Fatihu Maiwada fa?"

"Shi ma ni ne."

Ta cire tabarau ta dube shi. Ta ce ɗaya an haife shi 1969, ɗaya 1971, ita kuwa mutum ɗaya take gani a gabanta. Wanda ya yi karatun Ingilishi ba shi da shaidar zama a ƙasar, wanda kotu ta wanke kuma bai taɓa shiga kwaleji ba. Ta turo masa dosiyen ta ƙarƙashin gilashi, ta ce ya dawo in ya zama mutum ɗaya.

Abin da ya faru ba wani ɓoyayyen abu ba ne a unguwar, don gidaje da yawa sun yi irinsa. Zaharaddin yayan Fatihu ne, ɗan farin Alhaji Maiwada da matarsa Hajjo. Alhaji yana cikin ɗokin haihuwar fari ya je Meri ya yi masa takardar haihuwa. Yaron ya shekara ɗaya da wata biyu ƙyanda ta ɗauke shi da hantsi, kafin azahar an kai shi makwancinsa, babu wanda ya yi tunanin sanar da hukuma. Da aka haifi Fatihu, Alhaji yana Port-Bouët cikin shanu, ya ce ina amfanin ɓata yini a layin Meri alhali ga takarda lafiyayya a ƙasan akwati ba mai amfani da ita? Da ita aka sa Fatihu a makaranta. A gida Fatihu, a aji Zaharaddin, ya saba amsawa tun bai san dalili ba. A Katsina baffansa ya rubuta shi da sunansa na yanka, shi ya sa difloma da fasfo suka fito da Fatihu. Da ya dawo zai yi katin zama aka nemi takardar haihuwa, ya miƙa wadda ya sani. Shekara goma yana yawo da suna biyu a jaka ɗaya, bai taɓa ajiye su gefe da gefe ya duba ba, shi da yake cin abinci da duba takardun mutane.

Ranar bai hau mota ba. Da ƙafa ya ƙetare gada, gumi ya jiƙa masa riga, yana jin haushin ubansa da ke kabari, yana kuma jin kunyar jin haushin. Washegari wani magatakarda a kotu ya yi masa bayani. Hukunci biyu yake buƙata, ɗaya ya tabbatar Zaharaddin ya rasu, ɗaya ya tabbatar an haifi Fatihu. Sai ya kawo shaidu biyu da suka ga abin da idonsu, kuma tunda uwar tana raye, alƙali zai so ya ji daga bakinta. In an yi sa'a a gama cikin wata guda.

Shaida ɗaya ba ta yi wuya ba. Baba Kailu, tsohon mahauci abokin Alhaji, shi ya ɗauki gawar yaron a hannunsa zuwa maƙabarta, kuma ya ce ko yanzu a tafi. Ta biyun ce ta hana Fatihu sukuni. Hajjo mace ce ta da, mai tsananin kara. Ɗan fari a wurin irinsu ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in ya rasu ma ba a bari a ga hawaye. Tun da Fatihu ya yi wayo bai taɓa jin sunan ya fito daga bakinta ba. In dole ta yi zancensa sai ta ce "wancan," ta kawar da kai. Kwana uku Fatihu yana zuwa ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ya yi zancen tsadar gawayi, ya tashi ya fita. Kwanakin kuwa tafiya suke, makarantar ta sake aiko da saƙo tana tambayar ina aka tsaya.

A rana ta huɗu ya same ta a tsakar gida tana ƙulla daddawa da kuka a leda, sana'ar da take yi wa matan unguwa. Ya tsuguna ya faɗa mata komai a gurguje, kansa a ƙasa. Ba ta daina ƙullin ba har ya gama. Ta tambaye shi ko babu wata hanya, ya ce ya bincika babu. Ta tambaye shi ko tafiyar nan ita ce abin da ransa yake so, ya ce ita ce.

"To, ka faɗa mini ranar," in ji ta. "Ka samo mana taksi, ƙafata ba ta son gbaka."

Aka sa musu rana cikin ƙarshen Yuli. Hajjo ta sa zanen da take zuwa Idi da shi. Suka zauna a benci tun safe har rana ta take, Fatihu ya fita ya dawo ya fi sau goma, Baba Kailu yana ce masa ya zauna haka nan ya sa mutane jiri. Da aka kira su, alƙalin ya karanta takardun, ya yi faɗa a kan iyayen da ke raba wa 'ya'ya takarda kamar rigar gado, sannan ya ce tunda mai laifin ya riga mu gidan gaskiya a ci gaba. Baba Kailu ya ba da shaidarsa tsaf, har da ruwan saman da aka yi ranar. Sai aka juyo kan Hajjo. Tafinta yana mayar mata da tambayoyin cikin Julanci, yaren kasuwar garin, wanda ta iya kamar Hausa.

Ta faɗi shekarar, ta faɗi ciwon, ta faɗi ɗakin da abin ya faru. Alƙali ya ce ta faɗi sunan yaron da ya rasu. Ta ce na farin ne. Ya ce ya sani, sunansa yake so. Ta ce yana rubuce a takardar da ke gabansa. Baba Kailu ya buɗe baki zai taimaka, alƙali ya ɗaga masa hannu, ya ce a yini ɗaya ana kashe mutum a takarda ana raya wani, ba zai sa hannu ba sai uwar ta faɗi wanda ta binne da bakinta.

Fatihu ya ji kamar ya ce a bar shi, ya fasa tafiyar. Amma bai faɗa ba, kuma wannan shirun ya daɗe yana cin sa, domin ya san sarai abin da ya zaɓa a lokacin. Hajjo ta gyara mayafinta, ta kalli bango.

"Zaharaddin," in ji ta.

Muryar ta yi ƙasa, fanka kuma tana ƙara, magatakarda bai ji ba. Ya ɗago ya ce ta maimaita. Ta maimaita da ƙarfi, har na bayan ɗakin suka ji. Aka karɓi tsohuwar takardar haihuwar, aka buga mata hatimi, aka sa ta cikin wani fayil.

Suka shiga taksi, ta hau gada da su. Fatihu yana gaba, yana ta shirya kalmomin ban haƙuri suna watsewa. Daga baya ya juyo ya ce, "Inna, ki yafe mini." Ta ce bai yi mata komai ba. Can kuma, tana kallon ruwa ta taga, ta ci gaba kamar da kanta take magana.

"Ni ban iya kiransa ba, amma ina jin ana kira. Malaman lakkol, makarantar bokonku, su aiko da takarda, 'yan ajinku su tsaya a ƙofar gida su ƙwala, sai in ji an amsa daga ɗaki. Ina wanke-wanke ina ji. Yanzu kuma shi ke nan, ba mai kira."

Da suka isa gida ta shiga ɗaki ta shimfiɗa tabarma ta zauna, ta yi kukan da ba ta yi ba shekara talatin da shida. Matan gidan suka ji, suka shigo, da aka faɗa musu dalili babu wadda ta yi dariya. Suka ɗauko mayafansu suka zauna tare da ita. Kafin magariba labari ya zaga unguwa cewa Hajjo tana zaman makokin ɗanta na fari. Baba Kailu ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ya ce ai maza ma za su zo, kuma ƙanin mamaci shi ya kamata ya karɓi gaisuwa.

Haka Fatihu ya yi kwana uku a kan tabarma. Mahauta da dillalai da masu fiton kaya suna zuwa suna miƙa masa hannu, suna yi masa ya haƙuri, suna roƙon Allah ya sa Zaharaddin mai ceto ne. Cikinsu har da waɗanda suka yi firamare tare, waɗanda ba su san shi da wani suna ba sai wannan. Su suka fi rikicewa, su kama hannunsa su rasa da me za su kira shi.

Hukuncin ya fito, aka yi masa sabon katin zama da sabon kaziye. Matar nan mai tabarau ta jera takardun, wannan karon duk a gefe ɗaya, ta ce ya dawo bayan mako. Biza ta fito saura kwana takwas Satumba. Ya kawo fasfon gida ya buɗe wa Hajjo shafin, ta riƙe shi nesa da idonta tana kallon hoton, duk da ba ta iya karatun boko ba. Ta tambaye shi wane suna aka rubuta, ya ce Fatihu. Ta ce Allah ya sa albarka, ta miƙa masa.

Ranar tafiya ba ta raka shi filin jirgi ba. A ƙofar gida ta tsaya, ta ce ya riƙa cin abinci a zaune. Taksi ta tashi, ya leƙo ta taga yana ɗaga mata hannu, ya ga leɓunanta suna motsi. Bai ji abin da ta ce ba, kuma bai sa direba ya tsaya ba.