Ɗaga-kai Mai Gyaran Agogo

Ƙanena ne, ni na goye shi, don haka ba mai hana ni faɗin halinsa. Sana'arsa gyaran agogo. Teburinsa na ƙarƙashin matakalar benen da muke haya, da hantsaki, da ɗan madubin da yake maƙalawa a ido. Shekara talatin yana sunkuye a wurin. Amma da rana ta faɗi sai ya hau saman bene ya kafa wa sama ido, shi ya sa unguwa ke ce masa Ɗaga-kai.

Ba taurarin Allah yake nema ba, na 'yan'adam yake farauta. Shi ya koya mana bambancin. Wanda ya tsaya cak, tauraro ne. Mai ƙyafta ja da fari, jirgi ne. Wanda ke tafiya sumul, ba ƙyaftawa ba ƙara, ya kai tsakiyar sama ya dushe, to shi ne nasa. Wai hasken rana yake ara, in ya shiga inuwar duniya sai ya mutu.

"Kai da ba ka san inda takalminka yake ba," nakan ce masa, "ka san inuwar duniya?"

"Yaya, ke dai duba can, saura minti biyu."

Kuma sai abin ya ɓullo. Haushi kamar ya kashe ni.

Bara ne na lura. Babban cikinsu, mai hasken nan, yana tsakar tafiya sai Ɗaga-kai ya sauke hannu ya ce, "Ya shiga inuwa." Alhali ga shi muna gani ƙuru-ƙuru. Matarsa ta dube ni, direban da ke haya a ƙasa ya ƙaƙalo tari na ƙarya. Bayan wata biyu, tun abin bai yi rabin hanya ba yake sallamarsa. A teburi kuma agogon hannu ya fara kwana uku a buɗe, ana zuwa yana cewa kayan gyara ne babu.

Idonsa ke tafiya, kuma da idon yake ci da gidansa. Kowa na jin nauyinsa. Ni ba na ji.

Ran da ya sake cewa ya shiga inuwa, na ce, "Ƙarya kake, ɗan'uwana. Ga shi can saman tankin ruwa."

Ya juya wajen tankin. Can ya ce, "Yanzu fa?"

"Ya wuce tankin."

"Yanzu?"

"Ya kusa rufin makaranta. To, yanzu ya mutu."

Ya goge fuska da hularsa. "In likitoci suka taɓa idon ya ƙarasa fa, Yaya? Me zan ci?"

"Yanzu da ba su taɓa ba, me kake ci?"

Washegari na tasa shi gaba zuwa asibiti, yana ta mita kamar ni na zuba masa ciwon. Likita ya ce yanar ido ce, ta dama za ta ciru, ta hagu an makara.

Da aka yi masa aikin ya warke, ya koma ƙarƙashin matakala. Agogon farko da aka kawo na wata malamar makaranta ne, ɗan mitsitsi. Na tsaya a kansa kamar mai gadi. Sau biyu ƙusa na suɓuce wa hantsaki. A na uku ta zauna. Ya kara agogon a kunnena.

"Ki matsa mini, Yaya," ya ce, "kin tare haske."